Motar da Falalu Ya Ƙera wa Mahaifiyarsa

Kakana na wajen uwa, Falalu Maƙeri, mutum ne mai sauraro. Idan ana hira a gindin itacen bedi da ke ƙofar gidansa a Bakura, sai ka ga ya karkatar da kai gefe guda ya lumshe ido. Za ka ɗauka gyangyaɗi yake yi, alhali wata mota ce ke wucewa can kan titi yake bin kukanta da kunne. Idan ta yi nisa sai ya buɗe ido ya ce, "Wagga ba ta kai Mafara," ya ci gaba da shan furarsa. Sau da yawa kuwa ba ta kaiwa.

Mutanen Bakura sun san shi da gyaran injin ban ruwa. Kaɗan ne suka san cewa ya taɓa ƙera mota da hannunsa, mai shan fetur, mai ƙafa uku. Shi ba ya ba da labarin. Yawancin abin da na sani daga bakin matarsa na ji shi, kakata Kubura, a ranakun da nake taya ta ɓarar gyaɗa.

An haife shi a Tungar Maƙera, wani ƙauye mai gida kamar talatin a kwarin gulbi, kusa da tsohon Maradun. Yanzu wurin yana ƙarƙashin ruwan dam ɗin Bakolori, masunta ne kawai ke wucewa ta samansa. Mahaifinsa Jatau maƙerin baƙi ne, mai yin fartanya da galma da lauje da tarko, yana kuma gyaran bindigar maharba. Mahaifiyarsa Marka, shi ne ɗanta na fari, saboda haka ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta kuma yi masa magana kai tsaye. Tun yana ƙarami ta bakin wani take aika masa da saƙo, ko da yana zaune a gabanta. "Wancan" take ce masa.

Yana da shekara goma sha biyu ya bi mahaifinsa kasuwar Talata Mafara da kayan sayarwa. A nan ya ga babbar motar ɗaukar auduga an bar ta tana ruri a bakin kasuwa. Ya roƙi direban ya bar shi ya kafa kunnensa a jikinta, direban ya yi dariya ya bar shi. A hanyar komawa gida, da suka kusa gari, ya juya wurin mahaifinsa.

"Baba, abin nan numhwashi shika yi, awa zugazuginmu. Shi ja iska, shi hurar."

"Kai dai ka iya zuga naka tukun," in ji Jatau.

Daga ranar ya shiga cewa wata rana zai sa ƙarfe ya yi tafiya da kansa. Sa'o'insa suka laƙaba masa Falalu mai mota. Sunan ya bi shi har ya yi aure, har Jatau ya rasu ya gaji maƙera, bai kuwa mallaki ko keke ba. Wanda ya fi kowa tsokanarsa da sunan shi ne Sallau, taubashinsa, ɗan yayan Marka, mai jaki ɗaya da baki kamar reza.

Bayan rasuwar Jatau da shekara biyu Marka ta zame a gangaren gulbi, ƙugunta ya karye. An yi ɗori amma bai kama daidai ba. Tun daga nan ta zauna a ɗakinta, iyakarta bakin ƙofa, inda Kubura ke shimfiɗa mata tabarma da safe. Daga wurin tana hango rumfar maƙera, tana hango tsamiyar da ke inuwantar da maƙabarta, inda mijinta da 'ya'yanta huɗu suke kwance.

Da Turawan Italiya suka zo gina dam, Falalu ya sami aiki a ma'aikatarsu ta gyare-gyare, yana wasa bakin ƙarafan fasa dutse. Aikin bai fi ƙarfinsa ba, don haka idonsa kullum yana kan hannun makanikai. Lokacin hutun rana, idan lebura suka baje a inuwa, shi sai ya tafi jujin da ake zubar da matattun ƙarafa ya tsuguna yana jujjuya su. A nan ya tsinci wani ɗan inji wanda a da ake janye ruwa da shi daga ramin tushe, irin wanda ake tayarwa da igiya. Ya nemi izini aka ce ya ɗauka, ai ya mutu. A jakin Sallau ya kawo shi gida.

Wata biyar yana kwance shi yana mayarwa kafin ya tashi. Da ya tashi kuma bai sa shi aikin komai ba. Ranar Talata yakan sayo fetur cikin kwalba daga Mafara, ranar Juma'a bayan an sauko ya tayar da injin a maƙera, ya zauna a gefensa ya rufe ido yana ji har man ya ƙare. Kubura ta ce a lokacin nan ko kiransa ka yi ba ya amsawa.

Sai ga shekarar da aka rufe bakin dam. Tun da rani aka zo aka shafa jan fenti a jikin itatuwa, aka ce nan ruwa zai kai. A Tungar Maƙera fentin yana can sama da kan mutum. Aka yanka wa mutane filaye a kan tudu, tafiyar rabin yini, aka fara turo manyan motoci suna kwashe su gida-gida. Kubura ta tsaya, amma ta haɗa 'ya'yanta da ƙanwar Falalu suka tafi, mahaifiyata tana cikinsu, tana goye da ƙaninta. Marka ta ce ba inda za ta. Gulbi, in ji ta, ya san iyakarsa tun kafin a haifi masu fentin.

Ranar da motar ƙarshe ta zo, malamin da ke kula da ƙaurar ya shigo da kansa, da liman da wasu dattawa. Ya durƙusa a bakin tabarmarta.

"Salamu alaikum, Inna. Ina kwana?"

"Lahiya lau."

"Ina gajiya?"

"Babu gajiya."

"Ya gida, ya iyali?"

"Lahiya, alhamdu lillahi."

"Ya ƙarfin jiki?"

"Da sauƙi."

"Ina ruwa?"

"Ruwa ku za a tambaya," in ji Marka.

Ya yi ta lallashi, liman ya karɓa, dattawa suka ɗora. Ta bar su suka gama, sannan ta ɗaga yatsa.

"Ku shaida. Wallahi ba ni hita garin ga cikin motar waɗanda sunka kawo muna ruwa. Ba ni hawan jaki da ƙugun ga. Ba a tura ni cikin amalanke awa buhun gero, ba a kuma ɗaukata bisa gado awa gawa ina da raina. In kun ga na hita, to cikin motar da anka ƙera nan maƙerar gidan ga ta."

Wasu suka yi dariya, domin kowa ya gane abin da take nufi: har abada. Liman ya tuna mata cewa rantsuwa tana da kaffara, a ciyar da miskinai goma shi ke nan. Ta ce ita ba ta rantse don ta yi kaffara ba. Motar ta tafi da sauran mutane. Aka bar mutum huɗu a garin: Marka, Falalu, Kubura, da Sallau, wanda ya ce shi ya tsaya ne ya ga yadda taubashinsa zai koyi iyo.

Falalu yana zaure lokacin da ta yi rantsuwar, kuma bai yi dariya ba. Kubura ta gaya mini cewa tashi ya yi ya tafi maƙera ya tsaya a kan injin nan yana kallonsa har aka yi la'asar. Washegari da sassafe ta ji ƙarar masaba.

Ba shi da injin walda, saboda haka yadda ake haɗa ƙofar ƙarfe ya haɗa ta: ya huda, ya zura ƙusa, ya daddaɓe kanta. Da guntayen rodi ya yi ƙashin motar. Ƙafafun baya na tsohon babur ne, ta gaba kuwa ta baro ce. Ya samo bel irin na injin niƙa ya haɗa inji da ƙafar baya, ya sa wata sanda wadda idan ya danna bel ɗin ya ɗaure mota ta tafi, idan ya saki ta tsaya. Birki guntun takalmin taya ne da ya buga a jikin katako. Da ƙotar galma yake juya ta. Ba ta iya komawa baya, shi ma bai ga dalilin da zai sa ta koma ba.

Faɗinta ne ya fi ɗaukar masa lokaci. Hanyar mota ta bi ta kwari, ita ce ruwa zai fara ci, don haka sai turbar jakuna wadda ta ratsa gonakin gero ta hau tudu. Mutane sun yi shuka a wannan shekarar kafin su tashi, geron kuma ya yi kyau. Falalu ya ɗora wa jakin Sallau mangala ya auna faɗinsa da igiya, ya ce motar ba za ta wuce haka ba.

"Hatsin da ruwa za shi ci kaka tsoron takawa?" in ji Sallau. "Masu shi ma sun barka da shi."

"Ruwa shi ɗauki alhakinshi. Ni ba ni ɗauka."

"Allah shi ba ka lada, Sarkin Mota. Ka auna jakin da kyau, kila shi za shi ja ta."

Ruwan bai zo da hayaniya ba. Kullum da safe Kubura takan fita ta tarar ya matso kaɗan, kamar baƙon da ke jin nauyin shiga gida. Ya fara cika kwaruruwan kunya a gonakin fadama, har wurin ya zama layi-layi na haske da kore. Daga baya koren ya nutse. 'Yan kifaye suka riƙa yawo tsakanin karan dawa. Balbelu suka zo da yawan da ba a taɓa gani ba, suna sauka a kan rufin gidajen da aka bari. Wata rana ta ga ƙwarya ta taho bisa ruwa a hankali, ludayinta a ciki, ba ta san ta wace ce ba. Da rana tsaka sama da ruwa kan haɗe su zama abu ɗaya, itatuwa su yi kamar an rataye su.

A kwana na talatin da ɗaya da fara aikin, Falalu ya turo motar har bakin ɗakin mahaifiyarsa. Ya naɗa igiya ya ja, injin ya kama. Marka ta saurara na ɗan lokaci, sannan ta yi masa alama da hannu, ya kashe.

"Kubura, ki tambayi wancan, kukan mi nika ji? Na san wanga kuka. Irin shi na ka tasowa daga wurin dam."

Kubura ta juya ta dubi mijinta, wanda ke tsaye taku uku daga wurin. "Malam, Inna ta ce…"

"Na ji. Ki ce mata yasasshe na, sun zubar, ni nat tada shi."

"Ki ce mai ƙarhensu na," in ji Marka. "Gidan ga ƙarhe ba shi zama namu sai ya shiga wuta ya yi ja, ya ji masaba bisa uwar maƙera. Ko ya mance?"

Bai manta ba. Haka Jatau yake yi: ko ƙusa ya tsinta a hanya, sai ya sa ta a wuta ya buge ta kafin ya jefa ta cikin kayansa. Falalu ya ce ƙashin motar duk ya bi ta wuta, amma inji idan aka gasa shi ya mutu ke nan. Marka ta ce to motar mutanen dam ce da rigar gidan Jatau, ita kuma ta rantse.

Sallau ya shiga tsakani kamar dillalin shanu. Ya je wurinta ya durƙusa, ya dawo wurin Falalu ya yi raɗa, ya sake komawa. Sai wajen azahar aka daidaita: za a ciro abu ɗaya daga cikin cikin injin, abin da in babu shi ba zai yi numfashi ba, a sa shi a wuta a gaban idonta ya yi ja, a buge shi.

"Man da taka sha hwa?" in ji Marka. "Shi ma ba nasu na ba?"

"Haba Gwaggo," in ji Sallau. "Dokinka naka na, ko ciyawar wa yac ci."

Ta kau da kai don kada a ga ta yi murmushi.

Falalu ya shimfiɗa buhu a tsakar gida ya buɗe injin. Ya zaɓi wani ɗan sifirin, murɗaɗɗiyar waya da ba ta kai tsawon ɗan yatsa ba, wadda ke rufe ƙofar da iska ke shiga. Ya zaɓe ta ne don yana ganin ya san ta, tunda shekara ashirin yana ƙera tarko. Ya sa ta a wuta ta yi ja, ya ɗan taɓa ta da masaba, ya tsoma ta a kaskon ruwa yadda yake yi wa bakin lauje. Ya mayar, ya ɗaure, ya ja igiya. Injin ya yi tari sau uku, aka ji ƙas, ya yi shiru. Da ya buɗe, sifirin ɗin ya zama gutsattsari kamar an taka busasshen kara. Ƙarfen nan ba ya shan ruwa yadda namu yake sha, kuma babu wanda ya taɓa gaya masa.

Sallau ya hau jaki ya zagaya ta tudu zuwa Mafara, kwana biyu, ya dawo hannu wofi. Makanikai sun ce sai dai ko Gusau. Kafin ya dawo ruwa ya shiga masallaci. Kubura ta ce tana kallo bangon gabas ya zauna a hankali, ba ƙara, kamar tsohon da ya gaji da tsayuwa. Ɓeraye da macizai suka fara hawowa cikin gida. Rijiya ta gurɓace, sai ruwan sama suke tara a randa.

Falalu ya ce zai ƙera wani. Ya kwaso kayan maƙera ya dawo da su tsakar gida, domin rumfar ta fara jiƙewa. Ya gwada wayar keke ta lanƙwashe. Ya gwada wayar laima ta yi taushi. Sannan ya tuna da tsohuwar tayar mota da jakin Sallau ke cin dusa a ciki, ya yanke bakinta da wuƙa ya zaro wayar da ke ciki. Wannan ta yi. Ya naɗa ta a jikin ƙaramin rodi, ta fito sak irin wadda ta karye. Amma idan bai ba ta ruwa ba sai ta kwanta bayan 'yan bugu, idan ya ba ta ruwa sai ta tsinke. Ya yi ta farko, ya yi ta biyu, har ta shida. Kwana uku yana abu ɗaya, Sallau yana zuga masa.

Marka tana bakin ƙofarta tana kallo. Shekara arba'in ta yi tana kallon wutar Jatau, ta san launinta kamar yadda ta san launin tuwonta. Kubura ta lura cewa duk lokacin da ya kai wayar bakin kaskon ruwa, leɓen tsohuwar yana motsi, sai kuma ta danne. Ta san wani abu. Idan ta yi shiru rantsuwarta ta tsaya, ta zauna kusa da tsamiya yadda take so.

Da hantsin rana ta huɗu ta kira Kubura.

"Ki ce ma wancan su tahi. Ku tahi ku duka, ku bar mani randa da ɗan gari."

Wannan karon Falalu bai jira a isar masa ba, bai kuma ɗaga kai daga wuta ba. "Ki ce mata in ruwa ya zo, mu biyu za shi iske."

Zugazugi yana ta hurawa, kwaɗi suna kuka. Ruwa yana bakin zaure, yana wasa da wani tsinken tsintsiya. Marka ta daɗe tana kallon ƙeyar ɗanta, inda furfura ta fara fitowa. Can ta ce, da murya ƙasa-ƙasa, kamar tana magana da tabarma:

"Kubura, ki ce mai ubanshi ba shi ba ƙarhen kunamar bindiga ruwa. Mai shika ba shi. In ya tsoma, shi maida bisa garwashi har man shi ci wuta shi mutu don kanshi. Bai kai ga koya mai ba yat tahi."

Kubura tana da man gyaɗa a tukunya, wanda ta matse lokacin da take yin ƙuli-ƙulin guzuri. Falalu ya naɗa waya ta bakwai, ya sa ta ta yi ja, ya taɓa ta da masaba a kan uwar maƙera don sharaɗi ya cika, ya tsoma a man. Ƙamshi ya tashi kamar ana suya. Ya mayar da ita kan garwashi, wata 'yar wuta ta kama jikinta ta yi rawa ta mutu. Wayar ta fito da shuɗi-shuɗi irin na wuyan tantabara. Ya matse ta tsakanin yatsu ta dawo, ya sake matsewa ta dawo. Da ya ja igiya injin ya kama, ya bar shi yana yi har rabin kwalba, bai tsaya ba.

Washegari bayan sallar asuba suka shirya. Ya shimfiɗa tabarma da matasai a bayan motar, wurin da ya yi kamar ɗan gado. Marka ba ta yarda a ɗaga ta ba. Ta dafa kafaɗar Kubura ta ja jiki a hankali har ta hau, ta gyara mayafinta. Sallau ya ɗaure uwar maƙera da zugazugi a kan jaki. Falalu ya zauna a kan katakon gaba, ya yi bismilla, ya danna sanda.

Motar ta yi wata 'yar girgiza ta fara tafiya, da saurin mutumin da ya makara zuwa gona. Suka fita ta ɓaraka a dangar baya, domin zaure ya cika. A daidai mararrabar maƙabarta Marka ta ɗaga hannu, ya saki sanda, amma bai kashe injin ba don tsoron kada ya ƙi tashi. Tsamiyar tana tsaye cikin ruwa har ƙugu, ba a ganin ko tudun kabari ɗaya, sai gajimare yana wucewa a wurin. Daga kan turba suka yi fatiha, injin yana bugawa a ƙarƙashin addu'ar. Ta shafa, ta sauke hannu, ya danna sanda.

Suka shiga gonakin gero. Zangarniya tana shafar motar dama da hagu, raɓa tana zubo wa Marka a fuska, tsuntsaye suna tashi a gabansu garke-garke. Kubura, wadda ke biye da kaya a kai, ta ce daga baya ba ka ganin ƙafafun motar saboda hayaƙi da ciyawa, sai ka ga kamar tsohuwar tana tafiya a kwance bisa iska. Shekara shida rabon Marka da ganin bayan dangarta. Ta miƙa hannu ta tsinko kan gero ɗaya ta riƙe. A wani kwari ruwa ya kai idon sawu, bel ya jiƙe ya riƙa zamewa, Sallau ya bi shi da yashi yana watsawa har suka haye.

A hawan tudu injin ya fara nishi. Kubura ta ajiye kayanta, ita da Sallau suka sa kafaɗa a baya.

"Ban ce a tura ni ba," in ji Marka.

"Wa ka tura ki, Gwaggo? Gajiya munka yi, jingina mukai."

Sun isa sabon gari rana ta take. Wuri ne mai tsakuwa, ba itace, bukkoki a jere cikin layi. Mutane suka ji wani kuka da ba su sani ba suka fito, suka tsaya suna kallo, har liman ya ce, "Allahu akbar, ta hita, ba ta kuwa yi kaffara ba." Mata suka ɗauki guɗa. Marka ba ta dubi kowa ba. Ta ce wa Kubura ta tambayi wancan ko akwai sauran mai, domin ta ji an ce ƙawarta Gimbiya ta rasa miji tun da bazara, ita kuma ba ta je gaisuwa ba. Akwai saura kaɗan. Can ya fara kai ta kafin ta ga ɗakinta.

Shekara uku ta ƙara a duniya, kuma a cikinsu ba a yi suna ko ta'aziyya a sabon gari ba tare da an ji motar ta taho ba. Bayan rasuwarta ya cire injin ya haɗa shi da famfo, ya sare rodin ya yi fartanyu. Noma bai karɓe su a kan tsakuwar nan ba, sai ya kwashi iyalinsa ya koma Bakura, inda masu noman rani ke neman mai gyara. A nan ya zauna har ƙarshen ransa.

Sau ɗaya na tambaye shi me ya sa bai sake ƙera wata ba. Yana wanke fulogi a cikin gwangwani, bai ɗago ba.

"Uwargida, ke da kinka yi boko, mota don mi aka yin ta?"

Na ce don a kai mutum inda za shi.

"To, na kai ta," in ji shi, ya hura fulogin ya ɗaga shi sama yana dubawa.